Addu'a da Sadaka Wajen Neman Zaman Lafiya: Daga Tuwon Sadaka Zuwa Gidauniya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan wata masifa ta sauka a gari, ko fari ne, ko annoba, ko tashin hankali, abu biyu ake umartar jama'a da su, kuma tare ake ambatonsu. Sarki yakan sa sankira ya zaga unguwa-unguwa ya yi shela cewa a duƙufa ga addu'a, a kuma fitar da sadaka. Ba safai akan ji an ce a yi ɗaya a bar ɗaya ba. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba dalilin wannan haɗi, sa'an nan mu bi sawun yadda sadakar ta sauya kama, daga tuwo da gumba da ake rabawa a ƙofar gida zuwa kuɗin da ake tarawa a gidauniya. A ganinmu addu'ar tana nan kusan yadda aka gada, sadakar ce ta sauya ƙwarai, kuma cikin wannan sauyi ne alherin al'amarin da haɗarinsa suke, musamman a garuruwan da Musulmi da Kirista suke zaune tare.

2.0 Asalin Haɗin

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne roƙon ruwa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Muhtasar na Halilu, sun nuna cewa an so jama'a su yi azumin kwana 3 su kuma yi sadaka kafin ranar fita, sa'an nan a tuba, a mayar wa kowa haƙƙinsa da aka danne. Bayan haka ne ake fita fili da hantsi cikin tufafin yau da kullum, ba na ado ba, a yi raka'a 2, liman ya yi huɗuba ya juya mayafinsa, jama'a su ma su juya nasu. Abin lura a nan shi ne jerin sharuɗɗan. Kafin a ɗaga hannu sama, sai an miƙa shi ga maƙwabci, ko dai da kyauta ko kuwa da mayar da abin da aka ƙwace masa. Wannan sharaɗi na mayar da haƙƙi shi ne aka fi mantawa da shi a tarurrukan addu'a na zamaninmu, watakila domin ya fi sauran ɗaci.

Tarihin Musulunci na farko ma haka ya nuna. A shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwar nan da ake kira Amur Ramada ta auka wa Hijaz, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), domin ya yi addu'a. Haka kuma ya rubuta wa gwamnoninsa na larduna, aka yi ta koro ayarin abinci daga Sham da sauran wurare, shi kuwa ya haramta wa kansa nama da man shanu har jama'a suka farfaɗo.

A ƙasar Hausa wannan koyarwa ta sami gindin zama har ta shiga bakin kowa, shi ya sa akan ce sadaka maganin masifa. Idan gari ya rikice, malamai sukan taru a masallaci ko a ƙofar fada su raba izu 60 a tsakaninsu su sauke Alƙur'ani a zama ɗaya. Wasu su ja Yasin ƙafa 41, wasu Ya Laɗifu, wasu kuma Salatin Nariya ƙafa 4,444 ana ƙirgawa da tsakuwa ko ƙwallon dabino. A cikin gidaje kuwa mata suna can suna daka gumba, suna toya waina da ƙosai, ana tuƙa tuwo, a kira almajirai da yaran unguwa a raba musu. Tun daga wajen 1978, da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, an yi ta jayayya a kan wasu daga cikin waɗannan wuridai da adadinsu, har masallatai da dama suka fi karkata ga alƙunutu a cikin sallolin farilla. Ba wannan muhawara ce ta kawo mu ba. Abin da ya dame mu shi ne, duk zafin da ta yi, ba mu ji ɓangaren da ya ce a daina ciyar da mayunwaci ba.

Ga Kirista ma haka abin yake. Littafin Ishaya sura 58 ya bayyana cewa azumin da Allah yake karɓa shi ne wanda ya haɗa da kwance wa wanda aka zalunta ɗauri da raba abinci da mai jin yunwa, kuma a Ayyukan Manzanni sura 10 an ambaci addu'o'in Karniliyus da sadakokinsa a tare. A majami'un Arewa masu yin sujada da Hausa, ranar azumi da addu'a takan ƙare da baiko, kuma Zumuntar Mata takan tara hatsi da sabulu da zannuwa domin gwauraye da marayu.

3.0 Yadda Sadakar Ta Sauya

Sadakar dā tana da siffofi da ya kamata mu tsaya a kansu, domin sai an gane su za a gane abin da aka rasa da abin da aka samu. Galibinta abinci ce, ba kuɗi ba. Mai bayarwa yana ganin mai karɓa ido da ido, sau da yawa ma ya san sunan ubansa. Kuma a yini ɗaya ake gamawa, a dafa da safe, kafin azahar an suɗe ƙwarya. Saboda haka babu ma'aji, babu littafin lissafi, babu kuma wanda za a zarga da cin amana, tun da ba a bai wa kowa ajiya ba.

Ita kanta zakka, wadda take farilla mai ƙa'ida, a kan kusanci aka gina ta. Nisabinta sananne ne: misƙali 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, a fitar da ɗaya cikin 40, hatsi idan ya kai wusƙi 5 a fitar da ɗaya cikin 10 in ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma, shanu daga 30, tumaki da awaki daga 40, raƙuma daga 5. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta kashi 8. Malikiyya kuma suka ƙara da cewa a raba ta a wurin da aka fitar da ita ko kusa da shi, kada a ɗauke ta zuwa nesa sai in mutanen can sun fi tsananin bukata. Watau damin da aka fitar a gonar Bichi, matalaucin Bichi ne ya fi cancanta da shi.

To, amma masifun ƙarni na 20 da na 21 sun fi ƙarfin ƙwaryar tuwo. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 sun kama ƙasa baki ɗaya, har mai bayarwa da mai karɓa suka zama ɗaya wajen rashi. Rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980, da na Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000, sun bar dubban mutane a barikokin soja da na 'yan sanda ba gida ba jari. Wanda aka ƙone wa shago ba gumba yake bukata ba. Dole sai an tara abu mai yawa, an ajiye shi, an kai shi nesa, an raba shi ga mutanen da mai bayarwa bai taɓa gani ba. Daga nan ne ƙungiyoyi suka shigo tsakani. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 a zamanin Sardauna, ta fito da rundunar 'yan agaji, sauran ƙungiyoyi ma suka yi nasu. Izala ta mai da tara fatun layya wata babbar hanyar samun kuɗin ayyukanta. Wuraren tafsirin azumi suka zama wuraren tara wa marayu kayan salla. Bayan dawo da shari'a daga 1999 jihohi suka kafa hukumomin zakka, kamar ta Zamfara, da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano a 2003. Yanzu kuwa lambar asusun banki ake karantawa a lasifika ko a watsa ta a Facebook da WhatsApp, mutum ya aika da nasa ta waya yana zaune a ɗaki.

Akwai wata siffa ta wannan sabon tsari da muke ganin ba daga littafi ta fito ba, daga dandali ta fito, ita ce bikin ƙaddamar da gidauniya. A gayyato uban taro da babban mai ƙaddamarwa, a buɗe da addu'a, sa'an nan mai gabatarwa ya kama lasifika yana ambaton sunan kowane mai bayarwa da adadin da ya bayar, jama'a suna kabbara ko suna tafi. Duk wanda ya san ajo, inda makaɗi ko wani mai bukata yake tara jama'a maroƙa suna shelar kyautar kowa, zai gane dangantakar nan take. An ɗauko dabarar maroƙi ne aka sa mata rawani. Ba muna faɗin haka don raini ba ne, domin dabarar tana aiki. Bahaushe ba ya son a ambaci sa'ansa a tsallake shi, kuma abin da ake tarawa a yini ɗaya ta wannan hanya ya fi abin da akwatin masallaci zai tara a shekara. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ma ta yaba wa sadakar bayyane, ko da yake ta fifita ta ɓoye, kuma malamai sun ce bayyanawa tana da kyau in za ta sa wasu su yi koyi. Sai dai aya ta 264 ta wannan sura ta yi kashedi a kan gori da riya, kamar yadda Matiyu sura 6 ya yi wa Kirista kashedi a kan busa ƙaho gaban sadaka.

Aibin da ya fi damunmu a nan na fili ne, ba sai an leƙa zuciyar kowa ba. A ajo, kuɗi a hannu ake miƙawa kafin maroƙi ya buɗe baki. A gidauniya kuwa alkawari ake shelantawa, mai shi ya sha tafi ya tafi gida, cikawa kuma sai yadda hali ya yi. Babban misali shi ne asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin Janar T. Y. Ɗanjuma. A daren ƙaddamarwa a Abuja, ran 31 ga Yuli 2014, an ambaci fiye da naira biliyan 50, amma bayan shekara guda abin da ya shiga hannu bai kai rabin haka ba. Wannan asusu na gwamnati ne, ba na masallaci ko majami'a ba, amma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin masallacin unguwa ya san ciwon, ya san kuma kunyar bin babban mutum bashin abin da ya yi alkawari don Allah.

4.0 Inda Addinan Biyu Suke Haɗuwa

Yanzu sai mu juya ga tambayar da ta fi wuya, watau me Musulmi da Kirista za su iya yi tare idan masifar ta shafe su duka. Kowane ɓangare yana da tasa addu'ar. Bayan hare-haren da aka kai Kano ran Juma'a 20 ga Janairu 2012, inda 'yan sanda suka ce mutum 185 sun rasu, Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso sun jagoranci malamai aka yi addu'ar neman zaman lafiya a masallaci. Tun a 1995 kuma bishof-bishof na Katolika suka tsara wata addu'a ta musamman saboda ƙuncin da Nijeriya take ciki, aka riƙa karanta ta a majami'unsu. Amma cuɗa addu'o'in biyu wuri ɗaya abu ne da malamai da yawa na kowane ɓangare ba su sake jiki da shi ba, kuma dalilinsu na aƙida ne, bai kamata a ɗauke shi ƙiyayya ba.

Wannan matsala ba a nan kaɗai aka gamu da ita ba. Da Paparoma John Paul na Biyu ya tara shugabannin addinai a garin Asisi na Italiya ran 27 ga Oktoba 1986 domin roƙon zaman lafiya, sai da aka bayyana cewa an taru ne domin kowa ya yi addu'arsa, ba domin a yi addu'a ɗaya ba, aka kuma ware wa kowane addini wurinsa. A 2001, bayan harin 11 ga Satumba da fara yaƙin Afganistan, ya nemi mabiyansa su yi azumi ran 14 ga Disamba, wadda ta dace da Juma'ar ƙarshe ta Ramadan, su kuma ba da abin da suka rage na abinci ga matalauta da waɗanda yaƙi ya tagayyara. Ibadar kowa ta tsaya a wurinta, amma abin da aka tara bai tambayi addinin mai ci ba.

A fiƙihu ma ƙofar a buɗe take ta wannan gefe. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa zakkar farilla ta matalautan Musulmi ce, in ban da kason waɗanda ake lallashin zukatansu, amma sadakar ganin dama ta halatta a bai wa wanda ba Musulmi ba, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe hanyar kyautata wa duk wanda bai yaƙi Musulmi ba. Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Kwamitin da yake so ya taimaki unguwar da ta haɗa addinai biyu ya wajaba ya raba akwatin zakka da na sadaka tun daga ranar karɓa, domin kada a shiga haƙƙin mai zakka, kada kuma a hana maƙwabci.

Abin da ya faru da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ya isa a yi nazarinsa. Wannan ikilisiya ta samo asali ne daga aikin mishan da aka fara a Garkiɗa a 1923, kuma tana cikin ikilisiyoyin da aƙidarsu ta hana ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace ran 14 ga Afrilu 2014 'ya'yanta ne, kuma a ƙarshen Oktoba na wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. 'Yan'uwansu na Amurka sun aika wa majami'unsu sunayen 'yan matan domin kowace majami'a ta riƙe suna ɗaya tana yi wa mai shi addu'a, suka keɓe mako guda na azumi da addu'a, sa'an nan suka buɗe asusun da ya tara miliyoyin daloli. Dabarar ba da suna ɗaya ta burge mu, domin ta mayar da wani abu na sadakar dā da gidauniya ta ɓatar, watau sanin wanda ake yi dominsa. Daga cikin ayyukan da aka tallafa wa har da matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, wanda wani jami'in ikilisiyar da abokan aikinsa Musulmi suka kafa, aka zaunar da iyalan Musulmi da na Kirista da suka gudo daga Arewa maso Gabas a wuri ɗaya da gangan.

Kada a ɗauka muna rage darajar zama a teburi ne. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda rikicin 1992 ya raba ɗaya da malaminsa da 'yan'uwansa, ya raba ɗaya da hannunsa, sun haɗu a 1995 sun kafa cibiyar sulhu a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har shugabannin addini 22, kowane ɓangare 11, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ran 22 ga Agusta 2002. Amma wata 3 kacal bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a garin, aka rasa fiye da mutum 200. Takardar da manya suka sa wa hannu ba ta riga ta isa lungu ba. Buhun masara kuwa, in ya fito daga hannun wanda aka ce maka maƙiyinka ne, har cikin tukunya yake shiga, kuma yaran gidan za su tambayi wanda ya kawo.

5.0 Amana

Tun da gidauniya ta sa tazara tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, dukkan nauyin ya koma kan wanda yake tsakiya. Addinan biyu ba su bar wannan ga kyakkyawan zato ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hau mumbari ya yi tir da haka a gaban jama'a. Manzo Bulus kuma, da ya tara wa matalautan Urushalima gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya nemi ikilisiyoyin su zaɓi wakilan da za su raka shi domin kada a sami abin zargi, kamar yadda ya zo a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 8.

A wurinmu kuwa kunya takan hana tambaya. Wanda ya ce a karanta lissafin kuɗin masallaci sai a dube shi kamar ya zargi liman, alhali kuwa lissafin kariya ne ga limamin kansa. A garin da aka taɓa yin rikici abin ya wuce batun kuɗi. In aka raba kayan agaji a ɓoye, ko da an yi adalci, jita-jita za ta ce an fifita unguwa kaza saboda addininta, sai kayan da aka tara domin kashe wuta su zama makamashinta. Saboda haka muke ganin ya kamata a tsara jerin masu karɓa tare da masu unguwanni da limamai da fastoci, a karanta shi a fili, a kuma sanar da abin da aka kashe da lasifikar da aka sanar da alkawari.

Akwai kuma wata sabuwar gidauniya da kakanninmu na kusa ba su sani ba. A shekarun da satar mutane ta yi ƙamari a Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato, an sha shimfiɗa mayafi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ko a zaga da kwanon baiko a majami'a, domin tara kuɗin fansa. Malaman fiƙihu tun dā sun yi saɓani a kan ko kason 'yanta wuyaye na zakka ya haɗa da fansar kamamme. Amma ko da an warware wannan, wata matsalar tana nan. Jama'ar da ta gama alƙunutu a kan Allah ya kawo ƙarshen 'yan bindiga ita ce take fitowa ta tara kuɗin da ta san da shi za su sayi harsashi, kuma uban yaron da aka kama yana tsaye a bakin ƙofa yana duban abin da kowa zai jefa.